Kalangu A Zauren Maƙera

A ƙasarmu ta Kabi, kai har ma da sauran ƙasar Hausa, in kana son sanin sana'ar gidan su mutum ba sai ka tambaye shi ba. Ka bari kawai a soma kiɗa, kai kuma ka zuba masa ido. Duk kiɗan da ka ga ya hana shi zama, ya sa shi laluben aljihu ba tare da ya shirya ba, to ka gano asalinsa. Ɗan mahauta ko da ya zama babban ma'aikacin banki a Abuja, ranar da aka matse kalangu aka yi taken gidansu sai ka ga ƙafarsa tana motsi a ƙarƙashin tebur. Manomi gangar noma ce tasa, maharbi kuma garaya. Sarakuna suka kwashe tambari da kakaki da algaita da kotso da taushi, aka bar wa mata ƙwarya a tsakar gida, Bafillace kuma ya bi shanunsa da sarewa. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi.

Wannan rabon gado da kakanninmu suka yi wa kiɗa ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya, amma bai taɓa damuna sosai ba kamar lokacin da na soma sauraren wani faifai da wasu mutum biyu suka ɗauka a Bamako ta ƙasar Mali, aka fitar da shi a 2009. Ɗayansu Ballake Sissoko ne, ɗan gadon kiɗa, mai kaɗa kora, wato wannan babban molo na ƙasarsu mai tsirkiya 21. Ɗayan kuma Vincent Segal, Bafaranshe, yana riƙe da celo, wani ƙaton goge na Turawa mai tsirkiya 4 da ake tokarewa da ƙasa a tsakanin gwiwoyi, muryarsa kamar ta dattijon da ke magana cikin dare. A sitidiyon Salif Keita suka zauna, da dare bayan gari ya yi tsit, kuma kusan duk faifan su biyu ne rak. Sunan da suka ba shi, Chamber Music, ma'anarsa kiɗan ɗaki.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayanin wannan kiɗan ɗaki, domin ba abu ne da muka saba ji a rediyoyinmu ba. Turawa suna da kiɗan taron dangi, inda makaɗa 80 ko fiye za su cika dandamali, wani madugu ya tsaya a gabansu da ɗan tsinke yana ba da umarni. Suna kuma da na 'yan tsiraru, mutum 2 ko 3 ko 4, babu madugu, kowa da muryar da shi kaɗai ke ɗauke da ita, in ya yi kuskure babu inda zai ɓuya. A ɗakunan sarakuna da masu hannu da shuni aka raine shi. Joseph Haydn, mutumin Ostiriya da ya rayu daga 1732 zuwa 1809, wanda ake ganin shi ya daidaita tsarin goge huɗu, ya share kusan shekara 30 yana barantaka a gidan sarautar Esterhazy. Ka ga ke nan su ma asalin abin kiɗan fada ne, ba su fi Salihu Jankiɗi da taushinsa a fadar Sarkin Musulmi 'yanci ba. Da tafiya ta yi nisa sai suka kewaye shi da shinge mai tsawo: a sa baƙar kwat, a zauna shiru kamar ana zaman makoki, a kaɗa abin da wani mamaci ya rubuta a takarda shekara 200 da suka wuce, ba ƙari ba ragi.

To cikinsu ma an sami masu taurin kai. A 1966 Yehudi Menuhin, gwanin gogen Turawa, ya zauna a tabarma ɗaya da Ravi Shankar na Indiya mai kiɗan sita a wani biki a garin Bath na Ingila, suka kuma fitar da faifai a shekarar da ta biyo. Wata ƙungiyar goge huɗu ta Amurka mai suna Kronos Quartet, wadda aka kafa a 1973, ta fitar da Pieces of Africa a 1992 tare da makaɗa irin su Hamza El Din ɗan Nubiya da Foday Musa Suso na Gambiya, sannan a 2017 ta sake haɗuwa da wasu 'yan gadon kiɗa uku na Mali da ake kira Trio Da Kali. Yau a manyan biranensu ba abin mamaki ba ne ka shiga zauren kiɗan ɗaki ka tarar da kora a gefen celo.

Sai dai fa shingen da su suke tsallakewa ba irin namu ba ne. Nasu na makaranta ne da takarda: wane ya koyi karanta alamomin kiɗa, wane da kunne ya ɗauka. Namu kuwa na jini ne da matsayi. Ɗan kasuwa a Jega yana iya loda tirela 10 ta albasar Aliero a rana guda ya tura Legas ko Fatakwal, amma duk kuɗinsa ba za a busa masa kakaki ba, ba kuma za a buga masa tambari ba. Goge kuwa bayan gari aka kai shi aka ajiye, aka ce na 'yan bori ne da gidajen mata masu zaman kansu. Yaron gidan malamai da aka kama yana leƙen wurin goge, ranar jikinsa zai gaya masa. A lokaci guda bandiri yana cikin zawiyya da mutuncinsa. Fata ce a kan itace nan, fata ce a kan ƙoƙo can, amma ɗaya ya shiga gari ɗaya an rufe masa ƙofa.

Akwai zalunci a cikin wannan tsari, ba na musun haka. Na san gidajen da har gobe ba za su ba ɗan makaɗa 'yarsu ba, alhali ranar bikin 'yar tasu su ne za su aika a kira ubansa. Amma wanda ya tsaya nan bai faɗi rabin labarin ba. Shingen nan rumbu ne kuma. Mai kalangu ya san ranar kasuwa in ya tsaya a rumfar mahauta ba zai koma gida babu tsoka ba. Mai gangar noma ya san in kaka ta yi yana da dami a kowace gonar da ya kaɗa wa gayya. Kowane kiɗa yana da iyayen gidan da ciyar da shi ya zame musu wajibi, shi ya sa uba ke koya wa ɗansa ba tare da fargabar me zai ci ba. Duk mai kiran a rushe shinge ya kamata ya fara duba abin da ke jingine da shi.

Kuma kada wani ya ɗauka sai da Bature ya nuna mana hanya. Manyanmu duk masu tsallake ne. Alhaji Mamman Shata, ko da yake Bakatsine ne abokin wasanmu mu mutanen Kabi, dole in sara masa a nan. Bai gaji kiɗa ba, ya ɗauki kalangu, kayan mahauta da 'yan dambe da 'yan matan dandali, ya shiga da shi gaban Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya fito ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa, ya yi wa soja, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Kafin ya rasu a 1999 babu sauran mai iya cewa kalangu na rumfar nama ne kawai. Musa Ɗanƙwairo, Allah ya jiƙansa, daga waƙar noma ya faro, gadon mahaifinsa, kafin ya koma kotso da fada, kuma duk mai kunne zai ji ƙarfin gangar gayya bai taɓa barin amshinsa ba. Ɗanmaraya Jos da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, shi kaɗai ba 'yan amshi, ya ɗauki irin girman da ake yi wa sarakuna ya yi wa karen mota. Abdu Yaron Goge kuwa karin waƙoƙin finafinan Indiya ya riƙa ɗaukowa yana ɗora wa gogensa tun kafin a haifi masu yi mana fim a Kano.

Mu ma nan kusa muna da namu. Gambu na Fagada, cikin ƙasar Maiyama, ya ɗauki duk kayan aikin makaɗan maza, kirari da zuga da jero asali, ya juye su a kan ɓarayi. Mutane da yawa sun ƙi shi saboda haka, kuma suna da hujjarsu. Amma ka shiga motar haya daga Jega zuwa Koko a shekarun baya ka ga yadda alhazai masu carbi ke yin shiru in direba ya sa kaset ɗinsa, kowa na kallon taga kamar ba ya ji, alhali ba wanda ya ce a kashe.

To amma duk waɗannan mutum ɗaya ne ya ɗauki kayansa ya ƙetara zuwa gonar wani. Abin da ya yi ƙaranci a wurinmu shi ne a ce makaɗa daga gidaje daban-daban sun zauna a ɗaki guda, kowa da kayan gadonsa, suna sauraren juna. Ni sau ɗaya tak na taɓa ganin haka da idona, kuma ba wani ne ya shirya ba, ruwan sama ne.

A farkon daminar 1998 ne, ina da shekara 15, aka yi auren ɗiyar baffana a gidanmu da ke Jiga Maƙera. Mu maƙera ne gaba da baya, angon kuwa ɗan mahauta ne daga Jega. Tun kafin a ɗaura aure aka soma gunaguni a kan kiɗa. Dangin ango suka zo da mai kalangunsu, wani matashi mai ji da kansa da yaronsa mai ɗan karɓi. Dattawan gidanmu suka ce faufau, ba za a matsa kalangu a ƙofar maƙera ba sai makaɗinmu ya fara ya gama. Makaɗin namu kuwa tsoho ne tukuf, gangarsa ta girmi ubana, hannunsa har rawa yake yi. Aka dai sasanta: tsoho a ƙofar gida, kalangu can gindin darbejiya. Akwai kuma wani mai goge da abokan ango suka ɗauko a ɓoye don hirar dare, shi ko kusa da unguwar ba a bari ya zo ba, a bayan wata katanga aka zaunar da shi kamar kayan sata. Cikin abokan angon har da wani saurayin Bafillace, ka san mahauci da mai shanu ba su rabuwa, da sarewarsa soke a aljihu.

Bayan sallar isha'i hadari ya taso daga gabas ba sallama. Iska ta kwashe tabarmi, fitilu suka mutu, kowa ya ruga inda ya fi kusa. Da ruwan ya kece sai ga mu kimanin mutum 12 a cikin zauren kakana, kuma da aka kunna aci-bal-bal sai aka ga abin da ba a so: tsohon makaɗinmu a kusurwa, mai kalangu da yaronsa a bakin ƙofa, Bafillace a tsugune, ga kuma mai goge ya rungume kayansa cikin riga, jiƙe sharkaf, yana kallon ƙasa. Ba wanda ya iya cewa ya fita, domin ruwan ba na korar ko kare ba ne.

An daɗe ba mai magana. Sanyi ya saki fatun ganguna, sai tsoho ya ce da ni, "Kai ɗan nan, tai maƙera ka ɗebo muna wuta." Na rufa da buhu na je na ciko kasko da garwashin ƙirya. Ya kara gangarsa, ya juya ta, ya ɗan ƙwanƙwasa. Can sai ya tura kaskon da ƙafa zuwa wajen mai kalangu, bai ko dube shi ba. Daga nan kaskon ya isa gaban mai goge, shi ma ya gasa fatar ƙoƙonsa, ya ciro ƙaro ya goga wa izga.

Bafillacen ne ya fara, kuma na tabbata zaman shirun ne ya ishe shi. Ya busa wani ɗan gajeren kari, irin wanda suke yi wa shanu da yamma, ya maimaita. A karo na uku sai muka ji wani abu ya bi bayansa a hankali kamar inuwa. Mai goge ne. Bai san karin ba, lalube yake yi, in sarewa ta hau ya bi ta, in ta sauko ya riga ta isa ƙasa ya jira. Bafillace ya buɗe ido ya dube shi, ya sake hawa wani wurin da gangan don ya ɓatar da shi, goge ya kamo shi. Mai kalangu ya kasa haƙuri ya faɗo ciki da irin ƙarfin da ya saba da shi a fili, nan take ya binne su duka biyun. Tsoho ya ɗaga hannu ya ce, "Sassauta, yaro. Wanga ɗaki na, ba dandali na ba." Wallahi sai matashin nan ya ajiye makaɗinsa, ya koma taɓa fatar da yatsu.

Wanda ya san kalangu ya san magana yake yi. Tsirkiyoyin da ke jikinsa in an matse su a hammata murya ta hau, in an saki ta sauko, daidai yadda harshenmu ke hawa da sauka. Da ya sami wuri sai ya soma tsokanar tsoho da kalangun, manya suka fashe da dariya, mu yara muna ta raba ido don ba mu ji abin da aka ce ba. Tsoho bai taɓa gangarsa ba. Ya laluba ƙasa ya ɗauko wani guntun ƙarfe da ƙusa, irin tarkacen da ba a rasawa a zauren maƙera, ya shiga bugawa: biyu a jere, ɗaya a ware, biyu a jere, ɗaya a ware. Duk ɗan gidanmu ya san wannan, sautin masaba ne a kan uwar maƙera lokacin da mutum biyu ke dukan ƙarfe ɗaya. A kan wannan ƙarfen sauran ukun suka sami wurin tsayawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba wanda ya yi waƙa. Akwai maroƙi a cikinmu, bakinsa har motsi yake yi, amma wa zai wasa? In ya kira maƙera, mahauta su ji haushi, in ya kira mahauta a zauren maƙera, rigimar rana ta dawo sabuwa. Dole ya haɗiye. A ranar na fara jin kayan kiɗanmu suna magana da junansu, ba suna rakiyar bakin wani ba. Mu Hausawa kiɗa bawan waƙa ne a wurinmu, waƙa kuma baiwar mai kyauta. Da aka rasa wanda za a roƙa, sai ga shi ashe bayin nan suna da hirar kansu.

Ana cikin haka kakana ya shigo daga cikin gida da malafa a ka. Goge a zaurensa! Kowa ya ƙame, baka ya tsaya cak a kan izga. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai zauna ba, bai kuma ce uffan ba. Tsoho dai bai fasa buga ƙarfensa ba, tsaransa ne, tare aka yi musu kaciya. Ganin haka sauran suka ci gaba a ɗarare. Kakana ya tsaya a nan har indararo ya rage zuba, sannan ya ce, "To, ruwa ya ɗauke." Kowa ya gane. Kalangu ya koma gindin darbejiya, goge ya koma bayan katanga. Da safe dai na ga an kai wa mai goge tuwo a cikin kwanon da ake zuba wa baƙin kakana, kuma ni aka aika. Har ya bar duniya ban taɓa jin ya ambaci daren nan ba.

Shekara guda bayan wannan, a 1999, fim ɗin Sangaya ya fito a Kano, waƙoƙinsa suka cika kowace rumfar mai shayi daga Jega har Birnin Kebbi. Daga nan fiyano ya zama sarki. Akwatin Yamaha guda ɗaya, yaro ɗaya a sitidiyo, ya danna nan ka ji wani abu mai kama da kalangu, ya danna can ka ji mai kama da sarewa ko algaita. In dai rushe shinge ake nema, to babu wanda ya kai fiyano. Yau da sauti guda ake yi wa sarki waƙa, a yi wa amarya, a yi wa ɗan takara, a yi bege. Ba ruwansa da ɗan wane ne kai, kuma na san samari da dama da suka sami abinci da mutunci ta wannan hanya waɗanda a tsohon tsari ba su da ƙofar shiga. Ina kuma sauraren wasu daga cikin waƙoƙin, musamman na irin su Aminu Ala da ke ba kalma haƙƙinta.

Amma ni a ganina fiyano bai haɗa kowa da kowa ba, sallamar su ya yi gaba ɗaya. Maɓallansa a ƙayyade suke, daga wannan murya sai ka yi tsalle zuwa waccan, ba shi da hammatar da zai matsa ya ja sauti a tsakani, don haka kalangunsa bebe ne, yana ƙara amma ba ya cewa komai. Sanyi ba ya sakin fatarsa, ba ya buƙatar kasko, ba ya kuma buƙatar ya saurari kowa. Masu biki sun gane ɗauko mai lasifika da janareta ya fi arha a kan ciyar da makaɗa biyar. Rumbun nan da na ambata ya rushe tare da shingen. Tsohon makaɗinmu ya rasu, 'ya'yansa ɗaya yana acaɓa, ɗaya yana dakon albasa, gangar tana rataye gara na ci. In an ce yau a haɗa kiɗan maƙera da na mahauta a ƙauyenmu, sai an fara neman wanda zai riƙe ɓangare guda.

Shi ya sa nake ganin ƙimar abin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi a Kano cikin shekarun 2000, lokacin da ya riƙa shirya wasanni tare da British Council. Ya zaunar da Nasiru Garba Supa da kukumar da ya gada a wurin mahaifinsa tare da samari masu gambarar zamani, wadda suke kira raf. Ya kawo Hajiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da matanta masu ƙwarya, aka haɗa amada da irin wannan waƙa ta samari. Ya kuma ƙarfafa wa masu gurmi da sarewa da duman girke gwiwa su yi kiɗa zalla babu waƙa. Wasu sun ɗauki abin wasan 'yan boko, amma ka lura da bambancin: a can kukuma kukuma ce ta gaske, a hannun mai ita, ba hotonta a cikin akwati ba.

Ba kowace haɗuwa ce haɗuwa ba, wannan kam dole a faɗa. Na sha zuwa tarukan da ake jero ƙungiyoyin gargajiya a rana, kowace a ba ta minti 5 ta yi tsalle-tsalle a gaban manyan baƙi, kafin ta kama zaren kiɗan mai sanarwa ya karɓe makirfo. Na kuma ji waƙoƙin zamani da ake ɗauko mai goge ya yi ɗan kuka na daƙiƙa 10 a farko don kwalliya, sannan injin ya haɗiye shi. Wannan ba zumunci ba ne, ado ne da talaka. Abin da ya sa faifan Ballake da Segal ya shiga raina shi ne za ka ji wani lokaci celo ya koma yaron kora yana riƙe masa gindi, wani lokaci kora ta ja baya ta bar shi ya yi magana. An ce sun daɗe suna zama suna kaɗawa tare kafin su shiga sitidiyo, kuma kunne ma ya shaida haka. Irin wannan ba ya yiwuwa a filin ƙwallo. Sai a ɗaki, inda mai ƙarfi zai ji da kunnensa cewa ya danne na kusa da shi.

Mu kuwa ɗakin muna da shi tun tuni. Zauren ƙasa mai rufin azara ya fi ɗakunan taro da yawa iya riƙe sauti, bangonsa ba ya mayar da amsa-kuwwa kamar siminti da kwano. Da zan sami masu ji, ko a jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, ko a gidan wani mai hali a Jega wanda Allah ya hore wa zaure da son abin, da na ce a gwada zama irin wannan ko sau ɗaya a wata bayan an kwashe amfanin gona. Makaɗa kada su wuce 4, masu saurare kada su wuce 40. A nemo makaɗi daga cikin masu bin sawun gidan Ɗandawo na Yawuri, a zaunar da shi da mai goge, abin da kakanninsu ba su taɓa yi ba. A kawo mata masu ƙwarya su zauna da mai gurmi. Yaron fiyano ma a gayyace shi, ban hana ba, amma ya zo da kunnensa, ya rage murya har sai ya ji numfashin mai sarewa. A biya kowa kuɗinsa tun kafin ya zauna, a kuma hana liƙi, domin muddin ana liƙi to ido yana kan aljihu, waƙa za ta koma roƙo. Waɗanda za su ce goge ba zai shiga gidansu ba, a girmama su, a nemi wani zauren.

Akwai masu ilmin da za su taimaka. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, ɗan jiharmu, ya yi littafi sukutum a kan Narambaɗa, ɗalibansu kuma sun bazu ko'ina. Su sun san ƙauyen da ya rage da mai taushi, da wanda mai garayarsa bai mutu ba tukuna. Wayar hannu mai kyau guda ɗaya ta isa ta ɗauki zaman, in an ajiye ta a tsakiyar tabarma. Sai kasko da garwashi saboda fatu, in lokacin hunturu ne a rufe ƙofa da asabari. Janareta kuma a kai shi can bayan gida, in ma da hali a kashe shi a kunna fitila, don ƙararsa tana cinye muryar sarewa.